Littafin da kowa ke yabo bai burge ni ba: ni ce ban iya karatu ba?

Tambaya: Malam, cikin 'yan watannin nan na ɗauki ƙagaggun labarai uku. Na farko ya ci babbar kyauta, kowa yabonsa yake yi, ni kuwa da ƙyar na kai ƙarshensa. Na biyu ba wanda ke sa shi cikin manyan littattafai, amma sai da ya sa ni hawaye. Na uku na ajiye shi a tsakiya, har yau ban koma masa ba. Idan aka tambaye ni ra'ayina, iyakar abin da nake iya cewa "ya yi daɗi" ko "bai yi ba". Ni ce ban iya karatu ba, ko yaya abin yake?

Amsa: Malama, kin iya karatu. Da ba ki iya ba, da littattafan nan uku duk ɗaya za su zame miki, ba wanda zai gundure ki fiye da wani, ba wanda zai taɓa miki zuciya. Abin da ya rage miki wani aiki ne da ba kasafai ake koyarwa ba, wato bin sawun abin da kika ji har ki isa shafin da ya haifar da shi. Gundurar da kika yi da hawayen da kika zubar duk shaida ce ta gaskiya. Sai dai kafin shaida ta zama hukunci a kan littafi, dole a tantance nawa ne daga cikinta aikin marubuci, nawa ne kuma kayan da ke kanki kika shigo da su.

Mu fara da mai kyautar, tunda shi ya fi sa ki zargin kanki. Abin da ya same ki sananne ne, har an auna shi. A 2014 wasu masu bincike biyu, Balázs Kovács da Amanda Sharkey, sun ɗauki littattafai 64 suka jera su bibbiyu. A kowane biyu, ɗaya ya ci wata babbar kyautar adabi irin su Booker, ɗayan kuma ya kai zagayen ƙarshe a wannan shekarar amma bai ci ba. Suka bi makin da masu karatu ke ba su a Goodreads, wani shafin intanet da mutane ke ba littattafai maki, kafin a sanar da sakamako da kuma bayan an sanar. Wanda ya ci kyautar masu karanta shi sun ƙaru ƙwarai, amma makinsa ya fi na wanda ya sha kaye yin ƙasa. Littafin bai canja ko harafi ɗaya ba, masu karatun ne suka canja. Kafin kyauta, mai neman sa dama can mai son irin wannan rubutu ne. Bayan kyauta sai ya faɗa hannun mutanen da sunan kyautar kaɗai ya jawo su, waɗanda in ba don haka ba ko kallonsa ba za su yi ba. Mai yiwuwa kina cikinsu, kuma ba wani abin kunya a ciki.

Ki kuma dubi su waye ke ba da kyautar. Alƙalan Booker, alal misali, yawanci mutum biyar ne, ana sauya su kowace shekara, kuma sukan karanta littattafai sama da ɗari cikin 'yan watanni. Wanda ya karanta labari ɗari a jere, abin da zai farkar da shi shi ne wanda ya saɓa wa sauran, mai sabon zubi ko baƙon salo. Ke kuwa wataƙila kin buɗe shi ne bayan kin gama ayyukan ranarki, kina son labarin da zai tafi da ke. Ba abu ɗaya kuke nema ba. Sannan ga tsammani. Wani masanin adabi Bajamushe, Hans Robert Jauss, tun a laccarsa ta 1967 a Jami'ar Konstanz ya gina ra'insa a kan cewa ba mai karatun da ke shiga littafi hannu rabbana. Yana shiga da tsammanin da littattafan baya suka gina masa, kuma da shi yake auna sabon. Tambarin kyauta a bango yakan ɗaga wannan tsammani ya kai inda ba littafin da zai iya taɓowa. Littafin da za ki ce "ba laifi" da kin tsince shi haka kawai, sai ki ce "wannan ne ake ta zuzutawa?"

Shi kansa yabon "kowa" bai kai nauyin da ake ba shi ba. A 2006 Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a intanet da mutum sama da 14,000. Suka ba su waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba, suka raba su rukuni-rukuni. A rukuni takwas, kowa na ganin sau nawa waɗanda suka riga shi a rukuninsa suka sauke kowace waƙa. A wani rukuni kuma ba a nuna komai. Waƙar da ta yi zarra a wannan rukuni sai a same ta can tsakiya ko ƙasa a wancan, don kawai mutanen farko da suka shigo sun karkata wani wajen, na baya suka bi. Mafi kyawun waƙoƙin ba kasafai suka faɗi warwas ba, mafi muni ma ba kasafai suka yi fice ba, amma tsakanin waɗannan biyu komai na iya faruwa. A kan waƙa aka yi gwajin, amma ban ga abin da zai keɓe littafi ba. Da yawa daga masu cewa littafi ya yi, yabon da suka tarar ne suke ƙara wa murya.

To, kada ki ɗauka na wanke ki gaba ɗaya. Ra'ayin mai karatu shi kaɗai ma yakan kauce, kuma an daɗe da sanin hanyoyin da yake kaucewa. A shekarun 1920, I. A. Richards yana koyarwa a Jami'ar Cambridge ta Ingila, sai ya riƙa raba wa ɗalibansa rubutattun waƙoƙi ba suna, ba sunan mawallafi, ba shekara, ya ce su je su rubuto abin da suka gani. Ya tattara martaninsu a kan waƙoƙi 13 ya wallafa a 1929. Ɗalibai ne masu ilimi, amma da yawansu suka kushe waƙoƙin manyan mawaƙa irin su John Donne da Gerard Manley Hopkins, suka yabi waɗanda yau ba mai tunawa da su. Richards ya fitar da matsaloli goma. Huɗu daga ciki kusan kullum nake cin karo da su a takardun ɗalibai. Akwai rashin fahimtar ma'anar zahiri tun farko, mutum na jayayya da abin da marubuci bai faɗa ba. Akwai tunanin da ya faɗo daga rayuwar mai karatu, wanda ba ruwan rubutun da shi. Akwai shiryayyen martani, wato mutum na da amsarsa a aljihu, da zarar an ambaci uwa ko maraya ko ƙasar haihuwa sai ya zaro ta ba tare da ya dubi yadda aka rubuta ba. Sai kuma riƙon aƙida, inda mai karatu ke yi wa littafi hukunci da ko ya yarda da ra'ayin da ke ciki ko bai yarda ba.

Saboda haka tambayar da za ki yi wa gundurarki ita ce: a ina ta fara? Mara lafiya yakan ce wa likita "jikina ne ba daɗi", likita kuwa sai ya yi ta dannawa yana tambaya, nan ne, ko nan, har a kai wurin da mutum zai zabura. Haka za ki yi da littafin. Ki sake buɗe shi, ki nemi shafin da kika fara leƙa yawan shafukan da suka rage. Wolfgang Iser, abokin aikin Jauss a Konstanz, ya nuna cewa kowane labari yana barin giɓi da gangan don mai karatu ya cike da hankalinsa, kuma daɗin karatu a wannan cikewar yake. Ya ce mai karatu yakan bar fage ta ɗayan iyakoki biyu: ko dai an faɗa masa komai bai da sauran aiki, ko kuma an ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa. Dukansu "gundura" muke ce musu, alhali ba su haɗa hanya ba. Idan kin tarar marubucin yana nuna miki tauraruwarsa ta yi fushi, sannan ya gaya miki ta yi fushi, sannan ya sa wani ya tambaye ta dalilin fushinta, laifin nasa ne, kuma kyautar da ya ci ba ta goge shi. Idan kuwa kin tarar yana tsalle tsakanin zamani da zamani ba sanarwa, ko mai ba da labarin mutum ne da bai kamata a gaskata shi ba ke kuma kina ta gaskata shi, to ba ki kama tsarin wasan ba ne tukuna. Irin wannan littafi sau da yawa a karatu na biyu yake buɗewa, ko bayan kin karanta wasu biyu-uku masu irin zubinsa.

Akwai dalili na uku da ba na littafin ba ne, ba kuma na iyawarki ba, wato lokaci. David Hume, masanin falsafa ɗan Sikotlan, a muƙalarsa ta 1757 a kan ma'aunin ɗanɗano, ya lura cewa marubucin da mutum ke so yana ɗan shekara ashirin ba shi yake so yana da arba'in ba, na hamsin kuma daban, kuma bai ga laifin kowa a wannan ba. Labarin tsufa da nadama ba ya kama wanda bai yi asarar komai ba tukuna. Labarin zafin soyayyar fari yakan ba wanda ya wuce wurin dariya. Al'umma ma haka take. Moby-Dick na Herman Melville ya fito a 1851, bai yi kasuwa ba, Melville ya rasu a 1891 kusan an manta da shi, sai wajajen 1920 aka tono littafin aka ɗaga shi. Wannan misali fa ana yawan amfani da shi ba daidai ba, kowane marubucin da littafinsa ya ƙi sayuwa sai ya ce shi ne Melville na gobe. Mafi yawan littattafan da aka manta, sun cancanci mantuwar.

Na biyun, wanda ya sa ki hawaye, shi ya fi buƙatar a tsaya a kai, don mutane kan ji kunyar tuhumar abin da ya taɓa musu zuciya, ko kuma su ji kunyar amsa cewa ya taɓa. Manazarta sun daɗe suna jayayya a nan. A 1949 W. K. Wimsatt da Monroe Beardsley a Amurka suka ce kuskure ne a auna rubutu da abin da ya yi wa zuciyar mai karatu, don in aka bi wannan hanya rubutun zai ɓace a koma zancen mai karatu kawai. Louise Rosenblatt kuwa, tun daga littafinta na 1938 har zuwa na 1978, ta tsaya a kan cewa baƙaƙen da ke kan takarda ba su zama adabi ba sai mai karatu ya haɗu da su, kuma abin da ke faruwa a wannan haɗuwa shi ne abin nazari. Ta raba karatu gida biyu, na kwasar bayani a tafi da shi, da na zama cikin abin da ake ji a lokacin karatun. Makaranta ta fi horar da mu a na farko: kawo jigo, kawo taurari, taƙaita labari. Shi ya sa mutum zai gama digiri yana iya warware jigon littafi tiryan-tiryan, amma in aka ce me ya yi maka, sai ya ce "ya yi daɗi". Ni ina bayan Rosenblatt. Wanda ya ce a yi tarken labari ba tare da an kula da abin da yake yi wa mutane ba, ya manta dalilin da ya sa ake rubuta labari. Amma sharaɗin su Wimsatt ma ban yar da shi ba: duk abin da kika ji, ki nuna mini shi a shafi.

To hawayenki, wa ya jawo su? Ga gwajin da nake ba ɗalibai. Ki taƙaita wurin da ya sa ki kukan a jimla ɗaya busasshiya, kamar a ce "yarinya ta dawo daga tafiya ta tarar mahaifinta ya rasu ba su shirya ba". Idan wannan jimla kaɗai ta isa ta taso miki da abin da kika ji, to abin da ya faru a labarin ne ya taɓa ki, kuma kowa ya ba ki shi zai taɓa ki, ko a rediyo kika ji. Wataƙila ma wani mikinki ya fama. Wannan kuka ne na gaskiya, amma marubucin bai yi wani gumi a kansa ba. Idan kuwa jimlar ta fito fayau ba rai, kin ji cewa abin yana wani wuri daban, ki koma ki nemo shi. Sau da yawa za ki tarar ɗan ƙaramin abu ne da aka dasa tun shafuka ɗari baya, wata ɗabi'ar mahaifin da ta riƙa ba 'yar haushi, wadda yanzu ta shiga ɗakin ta ga alamarta ba mai ita. Ko kuma za ki tarar marubucin ya yi shiru daidai inda kike jiran kururuwa. Wannan aiki ne, kuma idan littafin da ba a yabo ya iya shi, ki yabe shi da bakinki ba tare da jiran izinin masana ba. Littafi kan iya zama mai rauni a salo, taurarinsa na gefe kamar an yanko su daga kwali, amma ya iya abu guda da manya suka kasa. Faɗin haka daidai yadda yake shi ne sharhi mai amfani.

Ki sani kuma labarin da ya tafi da mutum yakan rufe masa ido. Melanie Green da Timothy Brock sun nuna haka a binciken da suka wallafa a 2000. Sun ba mutane labari, suka auna yadda kowa ya nutse a ciki, suka kuma sa su zagaye duk wurin da suka ji bai yi kama da gaskiya ba. Waɗanda suka fi nutsewa sun fi ƙarancin gano irin waɗannan wurare, kuma ra'ayinsu ya fi karkata ga abin da labarin ke nunawa. Wannan ba aibu ba ne, don nutsewar muke nema. Amma yana nufin ranar da kika rufe littafi ba ranar yanke masa hukunci ba ce. Ga kuma ƙarshen labari da ke cin rabon da ya fi nasa. A 1993 Daniel Kahneman da abokan aikinsa suka sa mutane tsoma hannu cikin ruwa mai sanyin digiri 14 na sakan 60. A wani zagaye kuma suka yi sakan 60 ɗin, aka ƙara musu sakan 30 ana ɗan ɗumama ruwan zuwa digiri 15. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, mafi yawansu suka zaɓi mai tsawon, duk da wahalarsa ta fi yawa, don ƙarshensa ya fi sauƙi. Ƙwaƙwalwa takan riƙe wuri mafi tsanani da kuma ƙarshe, ta yi watsi da tsawon abin. Shi ya sa babi na ƙarshe mai ƙarfi kan sa a yafe wa littafi shafuka ɗari biyu na jan ƙafa, ƙarshe mai rauni kuma ya sa a tsine wa littafin da ya riƙe mutum dare uku. Idan kina rubuta ra'ayinki, ki tambayi kanki me za ki ce da an tsayar da ke a kashi uku cikin huɗu.

Abin da nake yi, nake kuma sa ɗalibai su yi, ba shi da wuya. Da kin gama, ki rufe littafin ki rubuta duk abin da kike iya tunawa ba tare da kin leƙa ba, wurare da maganganu da inda kika ji wani abu. Masana ƙwaƙwalwa, irin su Henry Roediger da Jeffrey Karpicke a gwajinsu na 2006, sun nuna cewa ƙoƙarin tunowa ya fi sake karantawa zaunar da abu a kai idan aka auna bayan mako guda. Amma ni abin da ya fi min amfani a ciki shi ne tacewar da yake yi. Abin da ya zo miki da kansa shi ne abin da littafin ya bar miki. Bayan mako ɗaya ko biyu ki sake duba abin da kika rubuta. Wani littafin da kika rufe kina cewa ba kamarsa, za ki ga ya bushe, ko sunan babban tauraronsa sai kin yi tunani. Wani kuma da kika gama kina tsaki, za ki ga har yanzu kina gardama da shi a zuci. Na biyun nan ki kula da shi. Littafin da ya ba ki haushi har kika kasa rabuwa da shi ya yi wani aiki, ko da ba wanda kike so ba.

Da wannan ne "bai yi ba" ke zama magana. A maimakonta za ki iya cewa: "Har zuwa tsakiya ina tare da shi, amma da marubucin ya sa matar ta yafe wa mijin cikin shafi biyu, bayan ya shafe babi goma yana nuna mini ita mace ce da ba ta mantuwa, sai na daina yarda da shi." Dubi abin da wannan jimla ta ƙunsa. Ta faɗi abin da kika ji, ta nuna wurin, ta kuma auna littafin da alkawarin da shi kansa ya ɗauka. Wanda bai yarda da ke ba yanzu yana da abin kamawa, zai iya cewa ai an nuna alamar sassaucinta a babi na bakwai, ku koma ku duba tare. "Bai yi ba" kuwa amsarta ɗaya ce, "ni ya yi min", daga nan sai a ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, a watse ba wanda ya ƙaru. Ki lura da batun alkawarin nan, don nan masu sharhi suka fi zalunci. Labarin barkwanci ba a tuhumarsa da rashin zurfi, labarin da aka gina a kan tunanin mutum ɗaya ba a tuhumarsa da ƙarancin faɗa da gudu. Ki fara gano abin da marubuci ya sa gaba, ki ga ko ya cim masa, sannan in kin ga dama ki ce abin da ya sa gaban bai kai a ɓata masa lokaci ba. Hukunci biyu ne, kada a cakuɗa su. Haka nan tauraro mugu ba ya mai da littafi mugu, kuma abin da tauraro ya faɗa ba lallai ne ra'ayin marubuci ba. Idan kuma fassara kika karanta, yabo ko kushen da za ki yi wa harshen rabinsa na mai fassara ne.

In kina son ganin inda irin wannan bin sawu ke iya kaiwa, dubi abin da Chinua Achebe ya yi a 1975, a laccarsa a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst. Ya ɗauki Heart of Darkness na Joseph Conrad, wanda ya fara fitowa a 1899 kuma jami'o'in Turai da Amurka suka daɗe suna koyar da shi a matsayin gwanin littafi, ya ce littafin yana ƙasƙantar da 'yan Afirka. Da ya tsaya a "ya ɓata min rai", da ba wanda zai tuna. Sai ya bi shafukan yana nuna yadda aka siffanta mutanen, yadda kusan ba a ba su bakin magana ba, yadda nahiya guda ta zama fagen da Bature ke fama da ruhinsa. Har yau akwai masanan da ba su yarda da shi ba, suna cewa ya haɗa Conrad da mai ba da labarinsa. Amma dole su amsa masa daga shafukan, kuma tun daga lokacin da wuya a koyar da littafin ba a kawo maganarsa ba.

Kada kuma ki damu idan wani lokaci kin ji abu bai zauna ba amma kin kasa faɗin dalili. Ibn Khaldun, masanin tarihi Balarabe, ya yi bayanin wannan a littafinsa Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, inda yake magana a kan ɗanɗanon masana balaga. Ya ce ƙwarewa ce da ke zaunawa a harshen mutum saboda yawan ji da maimaita zance mai kyau, har ya kai in an kawo masa abin da ya kauce sai kunnensa ya ƙi shi, ko da ba zai iya kafa hujja irin ta masu nahawu ba. Ji yakan riga dalili isowa. Abin da hakan ke nufi gare ki shi ne ɗanɗano abu ne da ake ginawa, kuma gwargwadon faɗin abin da kika karanta gwargwadon yadda za a dogara da shi. Wadda ta karanta labaran soyayya ɗari, hukuncinta a kan na ɗari da ɗaya abin saurare ne ƙwarai. Hukuncinta a kan labarin yaƙi na farko da ta taɓa buɗewa kuwa, ita ma ta riƙe shi da sassauci.

Saura na ukun da kika ajiye. Ba bashi ba ne. Mutane kan ƙarasa littafin da ba sa so don kawai sun riga sun ci rabinsa, alhali awannin da suka wuce ba sa dawowa, na gaba ne kaɗai ke hannunsu. Nancy Pearl, wata sananniyar tsohuwar ma'aikaciyar laburare a Seattle ta Amurka, tana da ƙa'ida: ki ba littafi shafi 50, in bai kama ki ba ki ajiye, in kuma shekarunki sun haura 50, ki cire su daga 100, abin da ya rage shi ne shafukan da za ki ba shi. Rabin ƙa'idar wasa ne, kuma ni nakan ƙara wa littafin da aka rubuta a wani zamani mai nisa ko aka fassaro daga wani harshe, don kunne na buƙatar lokaci kafin ya saba da tafiyarsa. Ke da kika kai tsakiya kin ba shi fiye da haƙƙinsa. Abin da ba ki da shi kawai shi ne ikon yi wa dukan littafin hukunci. Kina iya cewa "na ajiye shi a shafi kaza, daidai inda labarin ya bar mutumin da nake bi ya koma kan wasu da ban damu da su ba", wannan ra'ayi ne cikakke kuma zai amfani mai saurare, muddin kin faɗi cewa ba ki gama ba. Ki sa 'yar takarda a wurin, ki rubuta kwanan wata da dalilin a layi ɗaya. In wata rana kin koma masa, ki fara daga farko, kada ki ɗora daga inda kika tsaya.